Me Ya Sa Tsohuwar Mota Ke Tafasa? Tarihin da Ke Ƙarƙashin Bonet ɗin Fijo 504

Idan ka taɓa bin hanyar Akwanga zuwa Jos ka san Hawan Kibo, inda titi ke miƙewa sama yana lanƙwasa har sai kunnuwanka sun toshe. A nan na fara ganin mota ta tafasa. Ina firamare a lokacin, muna cikin Peugeot 504 ta kawuna, wadda kowa a gidanmu ke kira Fijo. Mun kai tsakiyar hawan sai wani wari irin na tukunyar da aka manta a kan murhu ya shigo, sannan tururi ya fara fita ta gefen bonet. Kawu ya gangara gefe, ya kashe mota, ya hana kowa matsawa kusa. Wani direban babbar mota ya tsaya taimako, bai ko leƙa injin ba ya ce, "Alhaji, ai tamostat ne. A cire shi a yar, kayan ƙasar sanyi ne."

Aka cire. Bayan mako biyu motar ta sake tafasa.

Sai da na je jami'a na karanta yadda zafi ke tafiya daga abu zuwa abu, sannan na fara bin tarihin injin mota, na gane inda muka yi kuskure. Duk wani ƙarfe da kake gani a hanyar ruwan inji, daga lagireto zuwa murfinsa, an ƙirƙiro shi ne don magance wata matsala takamaimai da ta addabi direbobin wani zamani. Idan ɗaya ya lalace, tsohuwar matsalar da ya zo magancewa ce ke dawowa, da kamanninta na da. Wanda ya san tarihin zai iya duban yadda motarsa ke zafi ya ce wace shekara ta koma.

Zafin daga ina yake fitowa?

Injin fetur irin na da ba ya mayar da fiye da kwata zuwa sulusin ƙarfin man da ya sha ya zama tafiya. Kusan sulusi yana fita ta salansa, sauran sulusin kuma yana shiga jikin ƙarfen injin. Wutar da ke tashi a cikin silinda tana wuce digiri 2,000 a ma'aunin Salshiyos, alhali alminiyam, wanda da shi aka yi kan silindar 504, yana narkewa a digiri 660. Bari mu yi ɗan lissafi. Lita ɗaya ta fetur tana ɗauke da kusan megajul 33 na makamashi. Sulusinsa, wato 11, ya isa ya ɗauki kimanin lita 35 na ruwan randa ya kai shi bakin tafasa. Ruwan da ke zagayawa a cikin 504 kuwa bai kai lita 10 ba. Ka ga ke nan ruwan ba shanye zafin yake yi ba, ɗan dako ne kawai: ya ɗauka daga inji, ya kai wa iska, ya dawo ya sake ɗauka. Duk tafasar da mota za ta yi, a ɗaya daga cikin waɗannan matakan ne dakon ya tsaya.

Motocin farko ba su ma damu da ruwan ya dawo ba. Motar da Karl Benz ya yi wa rajista a Jamus a 1886 barin ruwan take ya tafasa ya tashi a matsayin tururi, domin tafasar kanta tana kwashe zafi mai yawa. A watan Agustan 1888 matarsa Bertha ta ɗauki motar da 'ya'yansu maza biyu daga Mannheim zuwa Pforzheim, tafiyar kilomita 100 da 'yan kai, kuma ɗaya daga cikin wahalhalun hanyar shi ne neman ruwan da za a riƙa ƙarawa. Duk direban da ka gani yau yana yawo da jarkoki a but, yana tsayawa kowane gari yana ɗura ruwa, to motarsa ta koma 1888. Ruwan yana fita ta wani wuri, kuma aikin farko shi ne gano wurin: bakin tiyo, ƙasan famfon ruwa, gefen lagireto. Ka duba da safe kafin a tayar da mota, ka nemi farin tabo ko koren sawu inda ruwa ya bushe.

Wanda ya rufe wannan babin shi ne Wilhelm Maybach, injiniyan kamfanin Daimler. A motar Mercedes ta farko, mai ƙarfin doki 35, wadda ta yi suna a 1901, ya sa lagireto mai siffar saƙar zuma: ƙananan bututu fiye da 8,000 a jere, iska tana ratsa cikinsu, ruwa yana bin tsakaninsu. Dabarar ita ce faɗaɗa fuskar da ruwa da iska ke haɗuwa. Iska ba ta iya ɗaukar zafi kamar ruwa. Kilo ɗaya na ruwa yana ɗaukar ninki huɗu na abin da kilo ɗaya na iska zai ɗauka, ga shi kuma iska ta fi ruwa rashin nauyi sau 800. Dole sai an ba ta fili mai faɗi sosai. To wannan filin ne ke raguwa a tsohuwar mota ba tare da kowa ya lura ba. Ta waje ƙurar hunturu da ƙwari da ciyayi suna like fikafikan lagireton. Ta ciki kuma ruwan rijiya ko na burtsatse yana barin farin datti irin wanda kake gani a gindin butar shayi, ya haɗu da tsatsa ya toshe bututun ɗaya bayan ɗaya. Lagireton da sulusinsa ya toshe zai yi maka aiki lafiya lau a cikin gari, domin zafin da ake ba shi kaɗan ne. Ranar da ka ɗora masa kaya da fasinja da hawa, ranar zai nuna maka halinsa. Gwajin ba wuya: bayan inji ya yi ɗumi ka kashe shi, ka cire makulli, ka shafa fuskar lagireton da bayan hannu a hankali. Inda ka ji sanyi a tsakiyar zafi, ruwa ba ya bi ta nan.

Famfo, da motar da ta ƙi shi

Ruwan zafi ya fi na sanyi rashin nauyi, saboda haka da kansa yake tashi sama. Henry Ford ya dogara da wannan. Motarsa Model T ta fito a 1908, 'yan dubban farko suna da famfon ruwa, daga baya aka cire shi gaba ɗaya aka bar ruwan yana zagayawa da kansa: ya yi zafi a inji ya hau sama, ya huce a lagireto ya sauko. An ƙera fiye da miliyan 15 har zuwa 1927, kuma tsarin ya yi aiki domin injin ƙarami ne a ƙarfi, doki 20 kacal. Amma an san ta da tafasa a kan tudu, har 'yan kasuwa suka riƙa sayar da famfon da mutum zai ƙara mata da kansa.

Injin 504 ya ninka wannan ƙarfin sau huɗu da wani abu, ba zai rayu da irin wannan zagayen na ganin dama ba. Idan fambel ya saki yana zamewa, ko tsatsa ta cinye fikafikan famfon daga ciki, ka koma zamanin Ford da injin da ba na zamanin Ford ba. Akwai kuma wani abu da ke ruɗa kanikawa: tiyon ƙasa, wanda famfo ke zuƙo ruwa ta cikinsa. Idan ya tsufa ya yi laushi, yana iya tsukewa ya manne idan an taka mota da ƙarfi, ya koma daidai da zarar an sassauta. A gareji ba za a ga komai ba. Sai ka sa wani ya taka totur kai kuma kana kallon tiyon daga nesa da fanka.

Direbobin wancan zamanin ba su da allura a gabansu da za ta gaya musu halin da inji ke ciki. A 1912 wani Ba'amurke mai suna Harrison Boyce ya fito da Boyce MotoMeter, ma'aunin zafi da ake ɗaurawa a kan murfin lagireto, direba yana hango jan layinsa ta gilashi. An sayar da miliyoyinsa kafin a mayar da gejin cikin mota a ƙarshen shekarun 1920. Ina kawo shi ne saboda darasi ɗaya da bai tsufa ba: geji yana faɗa maka zafin abin da ya taɓa shi ne kawai. Idan ruwa ya zube har na'urar da ke jin zafin ta zauna a bushe, allura na iya sauka ƙasa alhali ƙarfe na gasuwa. Allurar da ta hau ja sannan ta faɗo da kanta ba albishir ba ne. Ka tsaya.

Maganar tamostat

A nan zan ɗan daɗe, domin a nan ne gardamar take.

Da aka samu famfo da lagireto mai kyau sai wata sabuwar matsala ta ɓullo, akasin ta farko: inji ya ƙi yin zafi. Injin da ke aiki da sanyi ba ya ƙona fetur sosai. Wani fetur ɗin yana kwanciya a bangon silinda ya wanke man da ke kare fistin, ya gangara ya tsinka baƙin mai. Tururin da konewa ke haifarwa yana zama ruwa a cikin injin ya haɗu da mai ya zama dagwalo. Mafi yawan cin da silinda ke yi, a wannan lokacin na sanyi yake faruwa. Da farko direbobi rufe gaban lagireto suke yi da bargo ko kwali. Sai aka zo da labulen ƙarfe mai buɗewa da rufewa, sai kuma wani bawul mai kama da zugazugi da ke kumbura idan ruwan cikinsa ya ji zafi. A shekarun 1930 Sergius Vernet ya ƙirƙiro irin wanda muke amfani da shi yau: ɗan ƙoƙon ƙarfe cike da kaki. Idan zafi ya kai wani mataki kakin ya narke, ya kumbura, ya tura sanda, ƙofa ta buɗe ruwa ya wuce zuwa lagireto. Yawancinsu suna fara buɗewa tsakanin digiri 75 da 90, gwargwadon injin.

Lura da abin da wannan ke nufi. Tamostat yana tsayar da mafi ƙarancin zafin inji ne, ba shi da iko a kan mafi yawansa. Da zarar ya buɗe gaba ɗaya ya gama aikinsa, sauran ya rage wa lagireto da fanka. Idan motarka na tafasa a kan tudu alhali tamostat lafiyayye ne, cire shi ba zai ƙara wa lagireto ko bututu ɗaya ba. Abin da za ka samu shi ne jinkiri: ruwan ya fara daga sanyi, ya ɗauki lokaci kafin ya kai inda zai tafasa, kai kuma ka ɗauka an warke. Zancen cewa kayan ƙasar sanyi ne shi ma bai tsaya ba. Ko a watan Afrilu a Kano, da zafi ke kai digiri 40, iskar ta fi abin da inji ke so sanyi da digiri 40 ko fiye. Balle asubahin hunturu a Jos.

Amma ban ga laifin kanikawanmu gaba ɗaya ba, kuma ina ganin masu ilimin littafi suna saurin raina su a nan. Tamostat yana iya mutuwa a rufe, kuma idan ya yi haka inji na iya ƙonewa cikin mintuna. Bakaniken da ya ga haka sau uku, ga kasuwa cike da jabun kaya, ba wauta ya yi ba da ya zaɓi cutar da ke kashe inji a shekaru a kan wadda ke kashe shi yau. A bakin hanya, cire shi dabara ce mai kyau don a isa gida. Kuskuren shi ne barin wurin a wofi har abada, da kuma ɗora masa laifi ba tare da an gwada shi ba. Alamarsa a fili take: mota ta hau zafi cikin 'yan mintuna da tayarwa, ko ana tafiya ko ana tsaye, inji ya yi zafi ƙwarai amma lagireto da tiyon sama ba su yi ba. In kana shakka, jefa shi a tukunyar ruwa a kan wuta. Lafiyayye zai buɗe baki kafin ruwan ya tafasa. Na kawuna babu wanda ya gwada shi, a daji aka jefar.

Murfin da ake rainawa

Kowa ya san ruwa na tafasa a digiri 100, amma wannan a bakin teku ne. Yayin da kake hawa sama nauyin iska yana raguwa, ruwa kuma ya riƙa saurin tafasa. A Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, yana tafasa a wajen digiri 96. Wato a Hawan Kibo abu uku ne ke haɗuwa: inji yana aiki mafi wuya a ƙaramin giya, iskar da ke shiga ta gaba ta ragu saboda tafiyar ta yi sanyi, sannan iyakar tafasar ma tana saukowa.

Maganin da ya yaɗu a motoci daga wajen shekarun 1940 shi ne a rufe ruwan a matse shi, kamar tukunyar nan mai dafa wake da sauri. Murfin lagireto ba marufi ba ne kawai, bawul ne mai sifirin. Murfin da ke riƙe matsin ba ɗaya, wato kwatankwacin nauyin iskar duniya sau ɗaya a ƙari, yana ɗaga tafasar ruwa zuwa kusan digiri 120. Na tsofaffin motoci da yawa bai kai haka ba, adadin yana rubuce a kansa. Wannan sauyin ne ma ya kori tamostat mai zugazugi, domin matsi yana hana shi buɗewa a kan lokaci, shi kuwa kaki bai damu ba. Idan robar murfin ta tsage ko sifirin ya mutu, ka rasa wannan ratar duka. Alamar da aka fi gani ita ce mota ta yi tafiyarta lafiya, ana kashe ta sai ka ji tana ƙugi tana amai da ruwa, saboda famfo ya tsaya amma ƙarfe bai gama sakin zafinsa ba.

Wannan matsin ne kuma ke ƙona mutane. Ruwan da ke digiri 110 a matse, da ka buɗe murfi wani sashensa zai zama tururi nan take, kuma tururi yana cin wurin da ya ninka na ruwa sau 1,600 da ɗoriya. Fuska da hannu yake nufa. Ka ba shi aƙalla rabin awa, ka matsa tiyon sama da tsumma ka ji ya yi laushi tukuna. Kada kuma a kwarara ruwan sanyi cikin injin da ya gasu. Alminiyam da baƙin ƙarfe ba sa tsukewa da sauri ɗaya, kan silinda na iya lanƙwashewa ko ya tsage.

Shi kuwa koren ruwan nan ko ja da ake sayarwa a galan, asalinsa maganin daskarewa ne. Masanin kimiyyar sinadarai na Faransa Charles-Adolphe Wurtz ne ya fara haɗa sinadarin, etilin gilaikol, a 1856, aka fara sayar da shi don motoci da sunan Prestone a Amurka a 1927. A nan kam mai cewa kayan ƙasar sanyi ne yana da rabin gaskiya, don ruwa zalla ya fi shi ɗaukar zafi. Amfaninsa a wurinmu shi ne magungunan hana tsatsa da ke cikinsa, da ɗan ƙarin da yake yi wa iyakar tafasa. Injin da ya haɗa alminiyam da baƙin ƙarfe da tagulla a cikin ruwa ɗaya tamkar batir ne mai cin kansa a hankali. A kula, yana da zaƙi kuma guba ne, a nisanta shi da yara da dabbobi.

Tsaye take zafi, ko a guje?

Idan za ka riƙe tambaya ɗaya daga wannan rubutun, to ita ce wannan. Motar da ke zafi a cunkoson Kasuwar Kwari amma ta huce da ta samu titi, iska ce ba ta isa ba, sai a dubi fanka da fambel. Peugeot ya sa wa 404 da 504 da yawa fanka mai kama da maganaɗisun lantarki, wadda ba ta riƙewa sai ruwa ya yi zafi. Idan makunninta ko wayarta ta mutu za ka ga tana juyawa a sake, kamar tana aiki, alhali ba ta jan komai. Wadda kuma ke lafiya a gari amma ta hau zafi a doguwar hanya ko tudu, ruwa ne ba ya gudu ko lagireto ya gaza. Idan an duba duk wannan ba a samu komai ba, a koma kan taimin da kafireto, domin wutar da ta makara ko fetur da ya yi ƙaranci a cikin iska suna ƙara wa inji zafi daga tushe.

Na ƙarshe, wanda ba a so a ji, shi ne gasket. Ruwa yana raguwa ba a ga inda yake zuba ba, farin hayaƙi ba ya ɗaukewa daga salansa, kumfa na tasowa a bakin lagireto tun inji na da sanyi, ko baƙin mai ya koma kalar shayi da madara. Sau da yawa gasket ba shi ne ya fara ba, tafasar baya ce ta ƙona shi, don haka wanda ya canja shi bai nemo dalilin farko ba zai sake saye. Kuma ga mai 504: silindodinta hannun riga ne na ƙarfe da ake zurawa, ruwa na taɓa su kai tsaye. Idan an ɗaga kan silinda aka juya inji ba tare da an danne su ba, suna iya motsawa su ɓata abin da ya toshe ƙasansu, ruwa ya riƙa gangarawa cikin mai. Tsofaffin kanikawan Fijo sun san wannan sarai. Yaran da suka koyi aiki a kan motocin Japan ne ba lalle su sani ba.

Motar nan ba raguwa ba ce a zafi. Ta fito a Faransa a 1968, ta ci gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1975, shekarar da masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci, kuma an ci gaba da ƙera ta a can har tsakiyar shekarun 2000, bayan Turai ta daɗe da barinta. Wadda ke tafasa yau, shekaru ne da ruwan rijiya suka canja ta.

Ta kawuna, bayan tafasa ta biyu, wani dattijo mai gyaran lagireto ne ya karɓe ta. Ya tambayi kawu a ina take zafi, a gari ko a hanya. Kawu ya ce a hanya, musamman a hawa. Dattijon ya narke dalmar da ta riƙe tankin sama, ya ɗaga shi, ya kira mu mu gani. Kusan rabin bututun sun toshe da wani abu ja mai kama da laka. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da siririn ƙarfe, ya mayar ya like, sannan ya juya murfin a hannunsa, ya nuna wa kawu robar da ta tsage gida biyu, ya ce a sayo sabo, a haɗo da tamostat.